Yadda Nake Koya wa 'Yan Aji Ɗaya Tafiya a Layi Ba Hayaniya

Ajina shi ne na ƙarshe a dogon gini, can ƙurya jikin katanga. Duk inda za mu, ko famfo, ko banɗaki, ko filin asambili, sai mun ratsa barandar azuzuwa biyar, kuma tagoginsu ba gilashi, kullum a buɗe suke saboda zafi. Shekarar da aka fara ba ni aji ɗaya, wata rana malamin aji shida ya fito da alli a hannu, ya tsaya bakin ƙofa har muka gama wucewa, sannan ya ce, "Malama, yaranki ba su da laifi sosai. Muryarki ce ta fi shigo mana." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gaskiya kuwa ya faɗa. Tun daga ƙofar aji har famfo ba abin da nake yi sai "Ku yi shiru! Kai, koma layi! Ba da ku nake ba?" Su suna surutu, ni ina ihu a kan surutun.

Zan yi magana da "ke" ne, domin mu mata aka fi bar wa ƙananan azuzuwa. Malamai maza ku yi haƙuri, har da ku nake.

Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane shi ne, tafiya a layi darasi ne kamar baƙi da wasali. Yaro ɗan shekara shida bai taɓa yin ta ba. A gida in an aike shi da gudu yake zuwa, kuma yaba masa ake yi. Ranar Litinin ɗaya sai ya tsinci kansa cikin yara saba'in, ana ce masa ya bi bayan wani, kada ya wuce shi, kada ya taɓa shi, kada ya yi magana. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malamin firamare yara 35 zai riƙe. Ni dai a nan Kano ban taɓa riƙe ƙasa da sittin ba, kuma tun da aka ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a jihar a 2019 ajin sai ƙara cika yake. Da irin wannan yawa, in ba ki koyar da layi da gangan ba, da bulala za ki ƙare, kuma bulalar ma ba za ta yi miki aikin ba.

Ki fara ke kaɗai, ba yara. Ki bi hanyar da za ku riƙa bi, ki duba inda take da matsala: ina matattakala, ina simintin ya fashe, ina kwana, ina tagar ajin da aka fi jin motsi. Sannan ki zaɓi wuraren tsayawa biyu ko uku. Nawa su ne ginshiƙi na uku, ƙarshen baranda, sai gindin darbejiya. Tasha muke ce musu. Yaro ba ya iya riƙe bakinsa da ƙafarsa na doguwar tafiya, amma daga nan zuwa wancan ginshiƙin zai iya. In kun kai, ku tsaya, na baya su iso, sannan a sake tashi. Layi mai tsawo in ba ya tsayawa, kansa na famfo wutsiyarsa na cikin aji, tsakiyarsa kuwa Allah kaɗai ya san abin da ake yi.

Kafin a taka ko'ina, ina so su ji a jikinsu dalilin shirun. Ga yadda nake yi. Nakan zaunar da su in fara tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, in sassauta murya har sai kowa ya miƙo wuya. Daidai inda labari ya ɗau daɗi, sai yara huɗu da na aro daga aji biyar su wuce ta bakin taga suna jan silifa, suna hira da ƙarfi. Ni kuma ba na tsayawa, ba na ɗaga murya, sai in ci gaba abina. Da sun wuce sai in ce, "To, me Gizo ya ce wa Sarki?" Ba mai amsa. Sai ƙorafi: "Malama, ba mu ji ba! Waɗancan ne!" Nan nake ce musu, "Haka 'yan aji shida suke ji in mun wuce, ga shi jarrabawar shiga sakandare ce a gabansu." Daga ranar in na ce "kada mu cinye musu tatsuniya", sun san abin da nake nufi. Wannan ya fi mini wa'azin minti ashirin amfani.

Nakan kuma gaya musu cewa ladabi ne da addini ya koyar. A Suratu Luƙman, aya ta 19, cikin nasihar da Luƙmanu ya yi wa ɗansa, abu biyun nan a haɗe suka zo: tsakaita tafiya da sassauta murya. Yaran ba su kai nan a hadda ba, yawancinsu suna ƙananan surori a Islamiyya, amma suna jin daɗi in an ce musu abin da suke koyo yana cikin Alƙur'ani. Sai dai ki kiyayi kalmar sahu. Na taɓa cewa "ku yi sahu" sai suka jeru kafaɗa da kafaɗa kamar za a ta da salla, suka toshe baranda gaba ɗaya. Da na ce "a daidaita sahu" kuwa sai dariya ta ɓarke, wasu har suna leƙa ƙofar makaranta ko za su ga babur mai ƙafa uku. Ba su san sunan daga shirin gyaran tarbiyya na zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau ya samo asali ba, su dai abin hawa suka sani. Ki ce layi, ki tsaya a kan layi.

Yanzu ga babban aikin, wanda in kin yi shi da kyau sauran masu sauƙi ne. Layi a cikin aji ake haɗa shi, ba a baranda ba, kuma kowane yaro yana da gurbinsa da ba ya canzawa.

Rabin hayaniyar layi faɗan "ni ne farko" ne. Da kin ce a fita sai a yi dafifi a ƙofa, a ture ƙanana, a take wa wata hijabi, wani ya rasa takalmi ɗaya, kuka ya tashi. Maganinsa shi ne kada a bar gaba ya zama na mai ƙarfi. Nakan zauna da rajista in tsara layi biyu, na maza da na mata. Ba tsawo kaɗai nake bi ba. Aminai biyu da bakinsu ba ya rufuwa in raba su da yara huɗu ko biyar. Waɗanda ba sa ga maciji da juna su ma haka. Mai yawan tsokana ba na sa shi bayan mai saurin kuka. 'Yan gida ɗaya, musamman 'yan uba, sai kin lura, wani lokaci rigimar gida ce suke tahowa da ita makaranta.

Ba na ba su lamba, domin da yawa ba su iya ƙirge ya wuce ashirin ba a farkon shekara. Abu biyu kawai kowa zai riƙe: wa ke gabana, wa ke bayana. Mukan mai da shi wasa. In ce su rufe ido, in tambayi ɗaya, "Wa ke gabanki?" ta faɗa. "In ba ta zo ba fa?" Sai ta faɗi na gaba da ita. Cikin kwana huɗu ko biyar sun haddace, har su suke gaya mini wanda bai zo ba kafin in buɗe rajista.

Na gaba sunansa direba, na ƙarshe kwandasta. Kada ki raina muƙamin kwandasta. Da ba wanda yake son zama na ƙarshe, amma da na ce shi ne mai rufe ƙofa, kuma shi zai ɗaga mini hannu in kowa ya fito, sai aka koma rububin sa. Waɗannan biyun kaɗai nake canzawa duk ranar Litinin, ina bin rajista, don kowa ya san nasa na zuwa. Ban mai da direbanci ladan natsuwa ba. In kika yi haka yara biyar ne za su yi ta yi har ƙarshen shekara, sauran su cire rai. Kuma sau da yawa fitinannen yaro in ya zama direba sai ki ga ya kame kamar soja.

Fita kuwa benci-benci ake yi, masu zaman ƙasa tabarma-tabarma. Ba na kira da baki, nuni nake yi da hannu. A makon farko nakan zana alama da alli a ƙasa inda direba zai tsaya, a fili kuma in ja layi da toka irin na ranar wasanni. Tazara ita ce tsawon hannu: ka miƙa hannunka, in ya taɓa kafaɗar na gaba ka matsa baya kaɗan. Sau ɗaya ake aunawa a sauke hannu. In kika bar su suna tafe riƙe da kafaɗun juna, ɗaya ya yi tuntuɓe goma za su zube.

Sai me za a yi da baki da hannuwa. Na gwada dabaru da yawa. Ɗora yatsa a leɓe yana aiki na ɗan lokaci, amma hannu kan gaji, kuma ba na son yaro ya sauka matattakala da hannu ɗaya. Goya hannu a baya ya fi muni, in ya faɗi da haɓa zai sauka. Wata abokiyar aikina ta koya mini a ce su guntsi iska su kumbura kumatu. Kwana biyu abin ya yi kyau, a na uku wani ya gano cewa in ka danna kumatun da yatsa wani irin sauti ke fita, ba sai na faɗa miki wane iri ba. Ranar sai da muka koma aji. Abin da na tsaya a kai shi ne hannuwa a sake a gefe, ko a riƙe igiyar jaka, ido a ƙeyar na gaba.

Ƙafa ta fi baki wuyar sha'ani, kuma mutane ba sa lura da ita. Silifa saba'in a kan siminti, ko ba wanda ya ce uffan, ƙara ce mai zaman kanta. A hunturu kuma jan ƙafa ƙura yake tayarwa, sai tari. Kalmar da ta cece ni ita ce sanɗa. Kowane yaro ya taɓa ganin mage tana sanɗar ɓera. Nakan tuɓe takalmina in nuna musu: ɗaga ƙafa, ajiye a hankali. Sannan in nuna akasin haka, in ja ƙafa faɗas-faɗas ina waige-waige ina bangazar benci, su yi ta dariya suna cewa, "Ba haka ba ne, Malama!" Sai in ce to su gyara mini. Na taɓa cewa su yi tafiyar hawainiya, sai muka kusa cinye lokacin tara ba mu kai famfo ba. Mage ta fi.

Ranar farko kada ki fitar da aji duka. Benci biyu su gwada daga ƙofa zuwa tasha ta farko su dawo, sauran suna kallo ta taga, su ne alƙalai: an ji ƙara ko ba a ji ba? Kashegari rabin aji. Sai a rana ta uku ko ta huɗu a fita gaba ɗaya, kuma a lokacin da ba inda ake saurin zuwa. Kada ki koyar da layi lokacin da aka kaɗa ƙararrawar tara, mai awara na jira a bakin ƙofa, kuɗin tara na ƙaiƙayi a aljihu. Minti biyar da safe kafin rana ta yi zafi, kullum, har mako biyu. Bayan kowane hutu, da bayan Salla, sai an ɗan maimaita, don sukan dawo kamar ba a taɓa yi ba. Sababbin da ake kawowa bayan kaka kuma nakan haɗa kowanne da wanda ya iya, in ce, "Ga ƙaninka nan, nuna masa."

Ke kuma a ina za ki tsaya? Ba a gaba ba. In kina gaba kin ba su baya, ba ki san wainar da ake toyawa ba. Direba ya san tasha, shi zai ja. Ni ina gefe, wajen tsakiya zuwa baya, inda idona ke kai wa duka ɓangarorin. Kuma bakina a rufe. Alama uku gare mu: tafin hannu sama, a tsaya, hannu ya nuna gaba, a tafi, in taɓa kunnena, ana jin mu. Wanda ya ga alama ya yi irinta, don ta isa ga na nesa. In dole sai na yi wa wani magana, nakan je har inda yake in sunkuya in raɗa masa. Kuma kada ki tsaya gaisawa da wata malama a baranda, ko ki ɗaga waya, kina tsammanin su za su yi shiru. Ba za su yi ba, kuma da gaskiyarsu.

Gaisuwa ma sai da muka yi mata dabara. Yaranmu an hore su da gai da na gaba, kuma ba zan so in kashe musu wannan ba. Amma in hedimasta ya ɓullo muna tsakiyar baranda, baki saba'in su haɗu su ja gaisuwa, wasu har da durƙusawa, layi ya watse ke nan. Na same shi na ce, "Ranka ya daɗe, in mun haɗu a baranda za su sa hannu a ƙirji su ɗan russuna, ba za su yi magana ba. Kada a ɗauka rashin kunya ne." Ya yi dariya ya amince, har shi ma da hannu a ƙirji yake amsa musu. Ki sanar da sauran malamai tun da wuri, kada wani ya tsare miki yaro yana tambayarsa ko ba a koya masa gaisuwa a gida ba.

In layi ya lalace, kuma zai lalace, ki ɗaga hannu a tsaya. Ki jira. Jiran nan da wuya, za ki ji kamar awa guda, alhali bai kai minti ɗaya ba. In bai gyaru ba a koma tashar baya a sake. Sau ɗaya, in ya yi yawa sau biyu. Na ga masu mai da yara sau shida a cikin rana tsaka, wannan ya tashi daga koyarwa ya koma huce haushi. Kuma in yaro ɗaya ne ke ɓata tafiya, kada ki hukunta aji duka saboda shi, za su tsane shi ne kawai. Ki ciro shi ya taho kusa da ke, ki ba shi kwalin alli ko rajista ya riƙe da hannu biyu. Hannun da ke ɗauke da kayan Malama ba ya ja wa kowa hijabi.

Monita da bulala kuwa ban yarda ba sam. Duka kuka yake haifarwa, kuka kuma ya fi surutun da ake son hanawa ƙara. Yaron da aka ba tsumagiya a kan 'yan'uwansa kuma bashin gaba yake biya da ita.

Akwai waɗanda layi bai hau kansu ba. Wanda fitsari ya matsa, ki sake shi ya ruga, ba a jiran tasha da wannan. Wanda ya zo bai karya ba, ko zazzaɓi na cinsa, jan ƙafarsa ba taurin kai ba ne. Na taɓa riƙe yarinya da shan inna ya taɓa wa ƙafa, a shekarun da cutar ba ta bar mu ba, tunda sai a 2020 aka tabbatar an kawar da ƙwayarta ta asali daga Najeriya. Ta biyu na sa ta a layin mata, na gaya wa direba da takunta za a tafi. Abin mamaki, a shekarar layina ya fi na kowace shekara kyau, saboda ba mai gudu. Wani yaron kuma da nake ɗauka kunnen ƙashi gare shi, da muka koma alamar hannu ya fi kowa saurin bi. Nan na gane ba ya ji sosai ne, na kira mahaifiyarsa na ce a kai shi a duba kunnen.

Kada ki manta da inda shiru ke ƙarewa. Namu gindin darbejiya ne. Da direba ya kai, na ƙirga su, na sauke hannu, shi ke nan: a yi ihu, a yi tsere, a yi langa, a yi 'yar gala-gala. Ba na tsawata wa kowa a can. Yaro zai iya daure shirun minti biyu in ya san inda zai sauke shi. Malamar da ke son shiru a aji, shiru a baranda, shiru a fili, ba za ta samu ko ɗaya ba.

Ƙirgen nan da nake yi a tashar ƙarshe, da ina yin sa ne don sabo kawai. Wata shekara a farkon damina, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi jawur da ƙura. Iska ta fara ɗaga kwanon ajinmu ta kusurwa ɗaya tana maka shi, ƙara kamar ana dukan ganga goma. Dole mu koma sabon gini da ke ɗaya gefen. Ko da na so yin magana ba mai ji na. Na tsaya inda kowa zai gan ni na ɗaga tafin hannu. Wasu na kuka, amma hannuwa suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Na nuna benci na farko, na biyu, tabarma ta farko. Ba zan ce miki sanɗar mage aka yi ba, da sauri-sauri aka tafi, amma ba wanda ya ture wani a ƙofa. Muna shiga sabon ginin wani yaro ya ja mini zane yana cewa na gabansa ba ya nan. Na koma da gudu na same shi ƙarƙashin benci ya toshe kunnuwa, na saɓo shi. Na ƙirga sau biyu, sittin da takwas, daidai da rajistar safe.

Ba a jima ba fallen kwano biyu suka tashi suka faɗa bayan katanga. Kwandastan makon, wani ɗan ƙaramin yaro mai giɓi, ya matso jiƙe sharkaf, ya ɗaga mini hannu yadda aka koya masa, ya ce, "Malama, na rufe ƙofa."